Rariyar Injiniya Badamasi

Wani mutum ne a ajinmu, Badamasi. Ku da ba ku san shi ba, ku gode wa Allah, kunnuwanku sun huta. Mu da muka yi sakandare da shi a Malumfashi, shekara shida muna shan surutu. Muka gama, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara ashirin da biyar muka sake haɗuwa a ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, muna zaton girma ya rage masa baki. Ina! Ashe taki aka zuba wa bakin.

Abin da ya faru shi ne, ya je Kaduna ya yi kwas ɗin kwamfuta na sati uku. Sati uku fa! Ya dawo ya ce daga yau sunansa Injiniya. Ya kama shago a bakin tasha, ya sa injin hoto-kwafi guda ɗaya da firinta mai tari, ya rubuta a sama da jan fenti: Cibiyar Fasahar Zamani Ta Ƙasa Da Ƙasa. In wayarsa ta yi ƙara muna zaune, sai ya ɗaga mana hannu.

"Shiru, shiru! Amurka ce."

Ya kara a kunne, ya gyara murya. Mu kuwa muna jiyo muryar matarsa Kubura tar, tana cewa kada ya manta da daddawa.

To, zaɓen ƙungiya ya matso. Kujerar Sakatare Badamasi yake so, kuma so ba na wasa ba. Shekarar ce makarantarmu za ta yi bikin cika shekara hamsin, kuma Sakatare ne zai riƙe lasifika, shi zai zauna a babban tebur, shi zai karanta jawabi gaban manyan baƙi. Badamasi da lasifika kuwa, kun san sauran. Tun kafin a sa ranar zaɓe ya kai ɗinkin babbar riga. Ya buga kalanda da hotonsa, ya ɗora hannu a haɓa, a ƙasa an rubuta Sakatare Janar. Har gidan surukansa ya kai guda biyu.

Abokin takararsa Dakta Nafi'u ne, malamin jami'a. Mutum ne da sai ku wuni tare bai yi magana goma ba. Shi bai ma nemi kujerar ba, tura shi aka yi. Amma malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati na ajinmu duk suna bayansa, kuma suna da yawa. Badamasi ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ga in aka tafi a haka zai sha ƙasa.

Mu 'yan ajin mun warwatsu. Wani yana Legas, wani Fatakwal, wata tana Jidda. Shi ya sa aka ce ta imel za a yi zaɓe: a tura wa kowa takardar ƙuri'a a adireshinsa, ya danna, shi ke nan. Sunayenmu da adireshinmu duk suna cikin rumbun bayanai a kwamfutar Malama Shamsiyya. Ita ma 'yar ajinmu ce, ita ce ta ɗaya a lissafi tun muna yara, yanzu kwamfuta take koyarwa a kwaleji. Doka ce, ba mai buɗe rumbun nan sai ita.

Sai ga matsala. A taron share fage Shamsiyya ta tashi ta ce, "Shugaba, rumbun nan fa akwai shara. Mutum ɗari uku da goma sha biyu ne a ciki, amma gurbin imel abin dariya ne. Wani ya rubuta lambar waya. Wani ya rubuta 'babu'. Wata ta rubuta 'na maigidana'. Akwai wanda ya rubuta 'zan kawo gobe', yau shekara huɗu."

Aka kwashe da dariya. Shugabanmu, Alhaji Mamuda, dillalin hatsi ne. Mutumin kirki, amma shi da kwamfuta sai kallo. Ya ce, "To Malama, yaya za a yi?"

Kafin ta buɗe baki, Badamasi ya miƙe zumbur.

"Ranka ya daɗe, wannan ai aikin rejeks ne!"

"Aikin wa?"

"Rejeks! Ba mutum ba ne, ilimi ne. A duk jihar nan mu uku muka iya shi, ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Dubai."

Shamsiyya ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ni da nake kusa da ita na ga kafaɗunta suna rawa. Da ta samu ta haɗiye dariyar, ta yi wa Shugaba bayani a hankali. Ta ce abin kamar rariya yake. Layi ɗaya ake rubutawa, a faɗa wa kwamfuta yadda siffar adireshin gaskiya take: suna, sai alamar nan mai kama da katantanwa, sai sunan gidan imel, sai ɗigo, sai jela. A saka layin cikin tambayar da ake yi wa rumbu. Duk adireshin da ya dace da siffar ya wuce, wanda bai dace ba ya tsaya a sama kamar tsaki.

Alhaji Mamuda ya washe baki. "A'a, tankaɗe! Ai da kun ce tankaɗe tun farko. Wannan na gane."

"Ni zan saƙa rariyar," in ji Badamasi. "Kyauta. Sadaka ga ƙungiya."

Wani ya ce ai ɗan takara ne, bai dace ba. Badamasi ya hau faɗa. Hassada ce, baƙin ciki ne, ba a son mai ilimi ya taimaki jama'a. Aka juya wajen Dakta Nafi'u. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba komai." Maganarsa ta ranar ke nan gaba ɗaya.

Nan Badamasi ya samu wuri. Ya ce sai an kafa doka, a rubuta, a sa hannu. Duk wanda rariya ta riƙe, fatalwa ne, ɗan bogi ne. Ba ya zaɓe, ba a zaɓensa.

"Kuma," ya ɗaga yatsa, "ko shinkafar taro kada a ba shi! Fatalwa ba ta cin abinci."

Aka yi tafi, aka yi shewa. Shugaba ya sa aka rubuta har da maganar shinkafar. Badamasi ne ya fara sa hannu, sa hannun da ya cinye rabin shafi.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, kada wani ya riga ni. Ni Tasi'u, ina cikin mutanen Badamasi. E, ina ciki! Ba don na yarda da shi ba. Tsire yake saya mana duk Juma'a da la'asar, ni kuwa ban iya faɗa da tsire ba.

Kuma ba tsire kaɗai ya ba mu ba. Wata biyu kafin nan ya buɗe gidan imel nasa na kansa, da sunansa. Ya tara mu, mu arba'in da biyu, ya ce ya gaji da ganinmu da adireshin talakawa. Kowa ya buɗe masa sabo, kyauta. Nawa shi ne tasiu@injiniyabadamasi.com.ng. Wallahi ranar har wani daɗi na ji, na dinga nuna wa yarana. Ya matsa mana kowa ya je wajen Shamsiyya a goge tsohon adireshinsa a saka sabon. Muka je rututu. Tana canzawa tana kallonmu.

Juma'ar da ta biyo bayan taron, muna gindin mai tsire, Badamasi ya jawo mu kusa. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Kun san an gama zaɓe?"

"Yaushe?"

"Jiya, a kwamfutata." Ya ciro katin Dakta Nafi'u daga aljihu, ya nuna mana ƙasan. "Ku duba jelar adireshinsa. Dot edu dot enji. Duk malaman jami'a haka nasu yake. Ma'aikatan gwamnati kuma dot gob dot enji. Mu fa?"

Muka haɗa baki, "Dot kom!"

"Dot kom! To rariyata dot kom kawai take sha. Ranar zaɓe Dakta da mutanensa za su wayi gari fatalwowi. Da hannunsa ya sa hannu."

Muka fashe da dariya, har wani ya ƙware da yaji. Ni dai na ji wani abu ya ɗan sosa mini zuciya, don Nafi'u bai taɓa yi mini komai ba. Amma an ƙaro tsire, sai na yi shiru. Allah ya yafe mini.

Ranar Laraba na raka shi ofishin Shamsiyya ya kai rariyar. A takarda ya rubuto ta, cikin ambulan, har da liƙewa. Daga baya muka ji ashe a intanet ya kwafo, ya yanke jelar ya liƙa tasa. Ta buɗe, ga abin da ke ciki:

^[a-z0-9._-]+@[a-z0-9.-]+\.com$

Ni dai da na leƙa, gani na yi kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ita kuwa ta karanta shi kamar wasiƙa. Ta kai ƙarshe ta tsaya. Ta ɗago ta dube shi. Ta sake duba takardar.

"Badamasi."

"Injiniya."

"Injiniya Badamasi. Wannan alamar ta ƙarshe, ka san aikinta?"

"Alamar dala? Haba Shamsiyya! Hatimi ne. Shi ke nuna rejeks ɗin na Amurka ne, ba jabu ba. Duk wanda kika gani babu dala, ɗan kwatano ne."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "To, bari mu gwada shi a kan adireshi goma, yanzu, a gabanka. Haka ake yi. Ba a sakin rariya a rumbu sai an gwada."

Na ga gumi ya tsatso masa a goshi. In aka gwada, ai za ta ga tarkon da ya ɗana wa Dakta. Ya fizge hularsa ya mayar.

"Gwaji na masu koyo ne."

"Ko adireshi ɗaya. Naka ma kawai."

"Nawa? Ni za a gwada? Ke, lokacin da nake rejeks ke kina koyon kunna kwamfuta!"

"Na tambaye ka sau biyu. Ga na uku. A gwada?"

"A'a! Ranar Asabar, a gaban jama'a, a majigi. Kowa ya gani da idonsa."

Ta ninke takardar ta saka a jaka. Ta juyo gare ni ta ce, "Tasi'u, kai ne shaida." Na ce na ji. Ban san kaina nake yi wa shaida ba.

Asabar ta zo. Bayan azahar ɗakin taro ya cika maƙil. Waɗanda ke nesa suna jira a waya, an ce musu ƙarfe uku takardar ƙuri'a za ta shigo. A bayan ɗaki an jera kuloli, shinkafa da miya da kaji, ƙamshi ya hana mutane sauraron jawabin Shugaba.

Sai ga Badamasi. Babbar riga fara fat, tana ƙara saboda sitaci, kwaras-kwaras. Hula ta karkace. Turare kamar an fasa shago. Kubura na biye da shi da ƙawayenta uku, sun sha gwaggwaro, ya zaunar da su a layin gaba. A waje kuma ya ajiye maroƙi da mai kalangu. Ya ce musu da sun ji ɗaki ya ɗauki ihu, su faɗo ciki da kirari.

Shugaba ya ce a yi tankaɗe. Shamsiyya ta haɗa kwamfutarta da majigi, bango ya yi haske. Badamasi ya karɓe lasifika ba wanda ya ba shi.

"Jama'a, yau za ku ga ilimi! Abin da za ku gani yanzu, a Kaduna sai an sayi tikiti. Malama, saka rariya!"

Ta saka layin cikin tambayar, harafi bayan harafi, shi yana tsaye a kanta yana duba takardarsa. Ta ce, "Haka yake?"

"Haka yake."

"Har dalar?"

"Musamman dalar!"

"Waɗanda suka wuce zan fara nunawa, ko waɗanda ta riƙe?"

"Fatalwowi! Fara da fatalwowi, mu san su!" Ya juya ya kalli Dakta Nafi'u, ya kashe masa ido. Dakta yana can yana goge tabarau.

Ƙyat! Ta danna.

Jerin ya sauko a bango. A sama an rubuta mutum sittin da tara. Badamasi bai ko kalli bangon ba. Jama'a yake fuskanta, ya buɗe hannuwa, rigar ta baje.

"Sittin da tara! Kun gani? Sittin da tara suna cin amanar ƙungiya! Shugaba, karanta su da ƙarfi, ranka ya daɗe. Kada ka ji kunyar kowa. Ko Dakta ne, ko Farfesa ne!"

Alhaji Mamuda ya sa tabarau ya matsa kusa da bango. Jerin bisa haruffan adireshi yake. Ya fara da lambobin waya guda shida, ana dariya. Ya wuce wasu sunaye biyar da ya karanta cikin gunaguni, yana ɗan tsayawa yana waiwayen Badamasi. Ni na ji kamar sunayen mutanenmu ne, amma na ce kunnena ne. Sai ya zo kan harafin ba.

"Babu," ya karanta. Dariya.

"Wani babun." Dariya.

Sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Karanta mana, ranka ya daɗe!" in ji Badamasi.

"Injiniya, wannan fa..."

"Doka doka ce! Karanta!"

"Badamasi, a injiniya badamasi, dot kom, dot enji."

Tsit. Ko tari babu. Fankar sama kaɗai ake ji, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Badamasi ya juya a hankali. Ga sunansa nan ɓaro-ɓaro a bango, harafi kamar tafin hannu. A samansa "babu". A ƙasansa "ban da shi". Shamsiyya ta ci gaba da gangaro da jerin. Sai ga mu muna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Dahiru. Hamisu. Lawwali. Sagir. Can ƙasa na hango tasiu. Mu arba'in da biyu cif, shi na arba'in da uku. Duk wanda ya ci tsiren nan yana bango.

Mutanen Dakta kuwa biyu kacal rariya ta riƙe.

"Kuskure ne!" Muryar Badamasi ta sirance. "An yi mini kutse! Malama, me kika taɓa?"

"Abin da ka rubuta na saka. Tasi'u shaida ne."

Duk ɗaki ya juyo kaina. Na ce, "E... haka ne." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Amma mu dot kom ne!"

"Ku dot kom dot enji ne," in ji Shamsiyya. "Alamar dalar nan ba hatimin Amurka ba ce. Cewa take, nan ne ƙarshe, kada komai ya biyo baya. Kai ka ce wa rariya adireshi ya ƙare da kom. Naka bai ƙare da kom ba, yana da jela. Da ka cire dalar da kun wuce."

"To su fa? Su fa?" Ya nuna Dakta da hannu. "Shi ai edu ne! Na ga katinsa! Shi ya kamata ta kama, don shi na..."

Ya datse bakinsa. Amma maganar ta riga ta fita, kuma ta lasifika ta fita.

"Don shi ka me?" in ji Alhaji Mamuda.

Dakta Nafi'u ya mayar da tabaransa. Ya yi maganarsa ta ranar: "Na ofis ne a kati. Na gida na bayar."

Shamsiyya ta ƙarasa masa. Ta ce ma'aikaci ba ya ba ƙungiya adireshin ofis, don ranar da aka yi masa canjin wuri ko ya yi ritaya za a rufe. Kusan dukansu na gida suka kawo, irin wanda Badamasi ke kira na talakawa.

Ɗaki ya ɗauka. Ihu, dariya, buga tebur. Wata ta faɗo daga kujera. Dahiru ya miƙe yana ihu, "Injiniya, ka kashe mu! Ni da adireshina lafiyayye ka raba ni da shi!" Lawwali yana cewa a dawo masa da ƙuri'arsa, tsiren ma ai duk kitse ne.

Maroƙi a waje ya ji ihu.

Bam! Ƙofa ta buɗe. Kalangu ya ɗauka, maroƙi ya shigo da gudu hannu sama.

"Sakatare! Sakatare Janar! Injiniya na Kubura, mai kwamfuta ba da sanya ba! Ka tankaɗe maƙiya, ka zubar da tsaki! Ina fatalwowin? A nuna mini su in yi musu tofin Allah tsine!"

Mutum ɗari suka nuna masa Badamasi.

Kalangun ya yi wani ɗan kuka, ƙiiit, ya mutu. Maroƙi ya dubi bango, ya dubi mai rigar, ya ja da baya a hankali har ya fice.

Badamasi ya koma wajen Shugaba, murya ƙasa-ƙasa, ya manta lasifika na hannunsa.

"Ranka ya daɗe, a cire dalar mana. Harafi ɗaya ne."

Alhaji Mamuda ya zaro takardar doka daga aljihu, ya warware ta, ya ɗaga sama. "Wannan sa hannun da ya kai girman buhu, na wane ne?"

Badamasi ya ajiye lasifika, ya je ya zauna.

Ƙarfe uku aka tura ƙuri'a. Suna ɗaya ne a gurbin Sakatare. Wayoyi suka dinga ƙara ko'ina a ɗakin, ƙililin, ƙililin. Mu arba'in da uku muna zaune, wayoyinmu shiru kamar an yi musu rasuwa. Kafin la'asar Dakta Nafi'u ya zama Sakatare. Aka ba shi lasifika ya yi jawabi. Ya ce, "Na gode." Ya zauna.

Sai aka buɗe kuloli. Nan ne fa hankalinmu ya tashi da gaske, don tun safe ban ci komai ba, na bar ciki saboda kajin nan. Muka yi layi. Shugaba ya daka tsawa.

"Fatalwa ba ta cin abinci! A rubuce yake."

Muka hau roƙo. Alhaji, a dubi Allah. Alhaji, yaudararmu aka yi. Dakta Nafi'u, Allah ya saka masa, ya raɗa wa Shugaba wata magana. Shugaba ya gyaɗa kai ya ce an yi sassauci. Zaɓe ya wuce, wannan ba gyara. Amma duk fatalwar da ke son komawa mutum, ta zo ta faɗi adireshin da rariya za ta karɓa, a lasifika. Malama ta tura saƙo. In wayarka ta yi ƙara a gaban jama'a, ka dawo duniya, ka ɗauki faranti.

Muka bi layi, kowa ya koma adireshinsa na talakawa. Na faɗi nawa, wayata ta yi ƙililin, aka yi mini barka da dawowa. Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar waya irin na ranar ba.

Aka gama da mu arba'in da biyu. Saura mutum ɗaya.

Yana zaune shi kaɗai, sitacin rigar ya saki. Da ya so, da ya fice. Amma in ya fita a fatalwa, sunansa ya fita daga ƙungiya ke nan, ko bikin shekara hamsin ba zai shiga ba. Ga Kubura da ƙawayenta sun zuba masa ido. Ya ja ƙafa ya zo.

"Adireshi," in ji Shamsiyya.

"Rubuta injiniya, dot, badamasi, a..."

"Kana da shi, ko yanzu kake ƙirƙira? Sai wayarka ta yi ƙara fa."

Ya share gumi. "Akwai wani tsoho. Tun muna samari na buɗe. Bari in rubuta miki a takarda."

"A lasifika," in ji Shugaba. "Kowa a lasifika ya faɗa."

Ya kai bakinsa ya yi wani gunaguni.

"Ba mu ji ba!"

Ya sake.

"Ƙara murya, Injiniya! Kai da ka iya lasifika!"

Ya rufe ido, ya ce, "Sarkin soyayya... na Balaraba... casa'in da tara... a..."

Ba wanda ya ji ƙarshen. Ɗakin ya kife. Ni shinkafa ta bi ta hancina. Alhaji Mamuda ya riƙe ciki yana neman kujera. Har Dakta Nafi'u, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya kwanta a kan tebur.

Shamsiyya ta sa ya maimaita mata jelar, ta rubuta, ta danna. Rariya ta karɓa sumul. Ta tura saƙo.

Ƙililin! Daga aljihun babbar riga.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Kubura ta miƙe daga layin gaba, ta gyara gwaggwaro, ta tako har gabansa.

"Baban Ummi. Wace ce Balaraba?"

"Kubura, tsohon zance ne, tun kafin..."

"Tsohon zance? Shekara ashirin da biyar, kuma har yau yana ƙara a aljihunka?"

Bakin nan da ya dame mu tun muna aji ɗaya ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ko harafi bai fito ba.

Alhaji Mamuda ya share hawaye, ya karɓi lasifika, ya ɗaga wa masu rabon abinci hannu.

"Ya dawo duniya. A zuba wa Sarkin Soyayya shinkafa. A cika masa faranti, don ban ga alamar zai samu tuwo a gida ba."